Na Kai Matata Teku, Na Ƙare a Teburin Ƙorafi

Yaya Kusum,

Don girman Ubangiji ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Shekarata sittin da uku, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba sai kukan ramin titi da na ruwan famfo. Matata ce mai karanta filinki duk Lahadi, har takan yanke ta ajiye a ƙarƙashin katifa. Ni dariya nake mata, ina cewa marasa aikin yi ne ke shanya kayan cikinsu a gaban duniya. To ga ni yau. Sunaye kaɗai na sauya, sauran duk yadda ya faru ne.

Shekara talatin da shida na yi a aikin jirgin ƙasa a nan Nagpur, na fara da duba tikiti, na ƙare a ofis. Na tashi a kan abu ɗaya: abin da aka rubuta a tikiti shi ake ba fasinja, ba ragi ba ƙari. Matata Sulabha 'yar wani ƙauye ce kusa da Wardha. Sau ɗaya ta taɓa ganin teku, ta tagar tasi a Mumbai, muna sauri zuwa bikin dangi. Tun muna amarci take roƙona in kai ta. Na ce sai an gama gini. Aka gama, na ce sai 'yarmu Ketaki ta gama karatu. Ta gama, na ce bari a aurar da ita. Aka aurar da ita Pune, na ce ai ritaya ta kusa. Na yi ritaya, na shekara uku ina cewa badi.

A watan Agustan bara likita ya kira ni da Ketaki ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ciwon daji ne, ya riga ya kama hanta, maganar watanni ake yi. Ni da yarinyar muka ƙulla cewa ba za mu gaya mata ba. Muka ce mata gyambon ciki ne mai naci.

A cikin satin ne na ga wata talla a waya. Ƙaton jirgin ruwa fari tas, hawa goma sha wani abu, daga Mumbai zuwa tsibiran Lakshadweep da dawowa, kwana biyar. A hoton, wani dattijo da matarsa ne su kaɗai a bakin jirgin, rana na faɗuwa, ruwa shuɗi har ƙarshen gani. Aka ce abinci iri arba'in, kulawa ta musamman ga tsofaffi, da yini guda cur a tsibiri mai farin yashi. Na kira wakilin kamfanin na jaddada masa matata ba ta da lafiya, ina son ɗaki mai taga. Ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, daga kan gado za ta riƙa kallon teku." Da na nuna wa Sulabha tikitin sai ta rufe baki da gefen zanenta na sari kamar yarinya. Ta ɗinka sababbin riguna uku, ga shi kullum ramewa take, sai da tela ya rage su sau biyu kafin tafiyar.

Ranar shiga jirgi, cikin Nuwamba, awa uku muka yi a layi a tashar ruwa. Keken marasa lafiya da aka yi mana alkawari babu, wai duk an ɗauka. A kan akwatinmu ta zauna. Da muka shiga aka kai mu can ƙasa, ɗaki kamar akwatin ashana. An rataya labule a bango, na ja shi da murna, sai na ga bango ne a baya. Labule a kan bango, Yaya Kusum! Injin jirgin yana gurnani a ƙarƙashin gado, ga gidan rawa a samanmu. Sulabha ta taɓa bangon ta yi dariya ta ce, "Baban Ketaki, bar shi, ai kwanciya kawai za mu yi a nan." Ni kuwa ban bar shi ba.

Mutum sama da dubu biyu ne a jirgin. Wurin da aka ɗauki hoton dattijon nan na gan shi, ba ka samun inda za ka sa ƙafa. Lasifika na tashi, samari na rawa da kwalabe, iyalai sun shimfiɗa tawul a kan kowace kujera tun da safe don kada wani ya zauna. Lif ɗin hawa bene sai ka jira huɗu sun wuce a cike. Wurin cin abinci kamar dandalin tashar Nagpur ranar bikin Diwali, ana ture juna da faranti. Abinci iri arba'in ɗin gaskiya ne, amma duk mai ne da yaji, ita kuwa ba abin da cikinta ke karɓa sai shinkafa mai laushi da ɗan romon wake. Na roƙa, aka ce in cike takarda. Na cike. Sai rana ta uku aka kawo, a sanyaye.

To tun ranar farko na tafi teburin ƙorafi a hawa na biyar, kuma gaskiya ban sake barinsa ba. Manajan wani mai murmushi ne da ba ya gajiya da cewa a yi haƙuri. Ya ce jirgi a cike yake, kuma abin da wakili ya faɗa a waya ba ya cikin takarda. Ni za a koya wa takarda? A layin na haɗu da wani lauya ɗan Indore, Bhandari, shi ma an yi masa irin tawa. Ya dafa ni ya ce, "Yallaɓai, irinku ƙasar nan ta rasa. Ka iya rubutun ofis, ni na san doka, sai mun sa sun durƙusa." Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Tun da likita ya rufe ƙofar nan ban ji ina da wani amfani ba sai ranar.

Safiyar rana ta uku muka iso kusa da tsibirin. Sulabha ta yi wanka ta sa koriyar rigarta, ta sa fure a gashi. Muna hango bishiyoyin kwakwa da farin yashin. Sai aka yi sanarwa cewa igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ƙananan jiragen da za su kwashe mu ba za su iya matsowa ba, an fasa sauka. Jirgi ya juya. Mutane suka yi ca, wani har da jifan manaja da takalmi. Ni da Bhandari muka zauna muka tsara takardar koke, na bi hawa-hawa, ɗaki-ɗaki, ina karɓar sa hannu. Mutum ɗari da arba'in na samu. Kwana biyun da suka rage a haka na cinye su.

Ita fa? Kowace safiya nakan raka ta wani lungu a bayan jirgin, kusa da jiragen ceto, inda hayaniya ba ta kaiwa sosai. In zaunar da ita in ce, "Minti goma, yanzu zan dawo." Ta ce, "To." Wani lokaci sai azahar nake dawowa, in tsaya a kanta ina ba ta labarin abin da na gaya wa manaja da abin da ya ce. Sau ɗaya ta kama hannun rigata ta ce, "Zauna mana ka ga ruwan nan." Na ce mata ruwa ba ya gudu, amma manaja ƙarfe biyu yake tashi. Haka na ce mata. Nakan tarar da wata dattijuwa 'yar Surat mai suna Rehana zaune kusa da ita, har na ji daɗi cewa ta samu abokiyar hira, na samu sarari.

Sati bakwai da dawowarmu Sulabha ta rasu, a gida, da hantsi.

Bayan an yi addu'ar kwana sha uku baƙi sun watse, Ketaki tana duba wayar uwarta sai ta zo ta ajiye mini ita a cinya. Hotunan jirgin ne, sun fi sittin. Ruwa, ruwa, tsuntsaye, ita da Rehana, ita kaɗai. Ni sau ɗaya na fito, daga nesa, na ba da baya, ina riƙe da fayil. Ketaki ta ce, "Baba, kai ka san kwananta nawa suka rage. Ita ce ba ta sani ba. Kai ka sani, ka je kana faɗa a kan taga." Na ce mata don uwarta na yi. Ta ce, "Don kanka ka yi." Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Duk da haka na shigar da ƙara a kotun kare haƙƙin masu saye. Wata tara ke nan. An zauna sau huɗu, sau huɗu ana ɗagewa, lauyan kamfanin ko zuwa ba ya yi. Mutum ɗari da arba'in ɗin nan saura mu shida a zauren hirarmu na waya, Bhandari kansa ya karɓi tikitin rangwame ya yi shiru. Ni ba kuɗinsu nake so ba. So nake su rubuta da hannunsu cewa sun yi wa matata ƙarya. Teburin cin abincinmu yanzu fayil ne a kai, a tsaye nake cin abinci a kicin.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne wannan. Watan jiya Rehana ta kira wayar Sulabha don su gaisa, ba ta san ta rasu ba. Ni na ɗauka. Ta yi kuka sosai, sannan ta ba ni labarin da ban tambaye ta ba. Ta ce kullum Sulabha takan ɗora mayafinta a kujerar da ke gefenta, duk wanda ya zo ɗauka sai ta ce, "Da mai ita, maigidana yana zuwa." Har da wani ƙato ta yi cacar baki a kan kujerar. Ta ce rana ta huɗu kifayen nan masu tsalle, dolfin, sun bi jirgin kusan rabin awa, Sulabha ta miƙe tana tafi tana waiwaye ko zan ɓullo. Kuma ta ce Sulabha ta san ciwonta sarai, tun a asibiti ta karanta a fuskata. Da Rehana ta ce bari ta je ta jawo ni da kunne, sai ta hana ta, ta ce, "Ƙyale shi ya yi faɗansa. In ya zauna kusa da ni kuka zai yi, shi kuwa ya gwammace ya mutu da in ga hawayensa."

Tun ranar ba na iya komai, barci da abinci ma sun gagare ni. Kujerar nan nake gani ko ina. Ban gaya wa Ketaki ba, don ina tsoron ta ƙara tsanata. Yanzu tana da ciki wata bakwai, na fari. Bisa al'ada gidanmu ya kamata ta zo ta haihu, amma ta ce za ta zauna wurin surukarta, wai gidan ubanta ya zama ofishin lauya. Gaisuwarmu a waya ba ta wuce minti biyu. An sa zama na biyar wata mai zuwa. In na janye, kamar na yarda kwana biyar ɗin nan na zubar da su a banza, kuma mutanen nan sun ci bulus. In na ci gaba, ban san me zai rage mini ba ranar da aka yanke hukunci. Ni mugu ne, Yaya Kusum? Me zan yi da yarinyar nan? Ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Tsohon Mai Duba Tikiti, Nagpur

*

Baban Ketaki,

Ina yi maka ta'aziyya. Ubangiji ya ba ka haƙurin rashin abokiyar zama ta shekaru masu yawa.

Ka nemi gaskiya, to bari in fara da wadda ke gefenka. An cuce ku. Wanda ya sayar wa mai jinya ɗaki da alkawarin taga ya ba ta labule a kan bango ya yi ƙarya, kuma barin mace marar lafiya zaune a kan akwati awa uku abin kunya ne. Igiyar ruwa ba laifin kowa ba ce, wannan ka cire shi daga lissafi, gara a fasa sauka da a kifar da tsofaffi a teku. Amma sauran, kana da hujja, kuma masu irin taurin kanka ne ke sa kamfanoni su shiga taitayinsu. Ba zan ce maka ƙararka shirme ba ce.

Ga ɗaya gefen. 'Yarka ta faɗi gaskiya, ko da ta faɗe ta da zafi. Ranar farko don matarka ka je teburin nan. Daga rana ta biyu kuwa wurin ɓuya ya zame maka. Ciwon da ke cinta ba shi da manajan da za ka tsare da takarda, jirgi kuwa yana da shi, sai ka tafi inda ka iya faɗa. Wannan ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma maza da yawa sun rubuto mini irinsa: wani ya ɓuya a wurin aiki, wani a neman magani gari-gari. Sai dai tsoron ya ci muku kwanakin da ba za su dawo ba. Ba zan shafa maka mai a baki in ce ba komai. Da komai, kuma za ka ɗauki nauyinsa. Abin da nake so shi ne ka ɗauke shi daidai girmansa, kada ka ƙara masa.

Domin na lura a labarin Rehana rabi kawai ka ji. Ka riƙe kujerar, ka saki maganar. Matarka ta san tana mutuwa, ta san ka sani, ta san dalilin da ya hana ka zama, kuma da aka ce a jawo ka ita ta hana. Mace mai jin an wulaƙanta ta ba haka take magana ba. Ta so ka zo, wannan gaskiya ne, shi ya sa ta tsare maka wuri. Ta kuma yi maka uzuri tun kafin ka san kana bukatarsa. Ku biyun kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda saboda tausayi. Kuma kada ka manta, hotuna sama da sittin ta ɗauka. Wanda tafiya ta ɓaci masa ba ya tafi don kifi. Kai ne jirgin ya ba kunya. Ita ta je ganin teku, ta kuma gan shi, kuma kai ka kai ta, ko da a makare.

Yanzu abin yi. Maganar kotu ba sai ka zaɓi tsakanin janyewa da nutsewa a ciki ba. Ka nemi ƙaramin lauya a nan Nagpur, ko ƙungiyar kare masu saye, ka miƙa musu fayil ɗin gaba ɗaya, su riƙa halartar zaman, su kira ka in akwai labari. Amma ka sani tun yanzu, da wuya kamfani ya rubuta cewa ya yi ƙarya. In ka ci, abin da za ka samu umarnin biya ne a takarda mai hatimi. Ba zai ce maka an yafe ba, don ba a wurinsu yafiyar da kake nema take ba. In ka ga ba za ka iya sakin fayil ɗin ga wani ba, to wannan alama ce cewa janyewa ta fi maka lafiya.

Ka kwashe takardun nan daga teburin a yau, ka zauna ka ci abinci kamar mutum. Rashin barci da rashin cin abinci in suka wuce sati biyu nan gaba, ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Sai Ketaki. Kada ka yi wannan magana a waya. Ka hau jirgin ƙasa ka tafi Pune, hanyar ba baƙuwarka ba ce. Ka nemi ku zauna ku biyu. Kada ka fara da kare kanka, kada ka ambaci wakili ko manaja ko taga. Ka ce mata ta yi gaskiya, ka ji tsoro ne, kuma kana nadama. Sannan ka gaya mata duk abin da Rehana ta faɗa, har da kujerar, kada ka rage. Kana tsoron ta ƙara tsanarka, ni kuwa ina ganin akwai abin da ba ka hango ba. Yarinyar nan tare kuka ɓoye wa uwarta ciwon. Wata biyar tana kallon idonta tana cewa gyambon ciki ne. Kana tsammanin kai kaɗai ne ba ka barci? Wani kaso na fushin da ta sauke maka nata ne, na kanta. Tana da haƙƙin ta san cewa uwarta ta gane, kuma ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ka ba ta lambar Rehana, wataƙila akwai abin da mace za ta gaya wa mace wanda ba ta gaya maka ba.

In kuka ya zo maka a gabanta, ka bar shi ya zo. Ba ta taɓa gani ba, kuma ina jin shi take jira ta gani kafin ta yarda kai ma ka yi rashi.

Kada ka matsa mata ta zo Nagpur haihuwa. Mai cikin fari da ba ta da uwa tana bukatar mace a kusa, surukarta ta fi ka amfani a nan, kada ka ɗauke shi a matsayin hukunci. Kai ka je can. Ka tambaye ta ranar awonta na gaba ka raka ta. Asibiti ma akwai layi, akwai jira, akwai ma'aikacin da zai ɓata maka rai, kuma hannunka zai yi ƙaiƙayin biro. Ka sa shi a aljihu. Mai yiwuwa ba za ta sake da kai a zuwan farko ba, ko na biyu. Ka ci gaba da zuwa. Ba a gyara irin wannan da jawabi ɗaya, sai da yawan zama, ko ba a ce komai ba.

Ubangiji ya sauke ta lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya ba ka tsawon ran da jikanka zai san ka da kyau.

Taka,
Yaya Kusum